Zaman 'yan marina a tankin kwalta: lamarin robar SBS da zafi

A ɗakunan gwajin kayan titi akwai wani gwaji da ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Bututun aluminiyam ne siriri, faɗinsa milimita 25, tsayinsa bai wuce santimita 14 ba. Sai a zuba masa giram 50 na narkakkiyar kwalta wadda aka gauraya da roba, a liƙe bakinsa, a kafa shi a tsaye cikin tanda mai zafin digiri 163 a ma'aunin Salshiyas, a tafi a bar shi awa 48 ba mai taɓawa. Wa'adi na cika, a ɗauko shi yadda yake a tsaye a sa a firiza ya sandare, sannan a yanka shi gida uku. Na tsakiya a ture shi gefe. Na sama da na ƙasa su ake wa tambaya: har yanzu kuna tare, ko kun raba gari?

Ƙa'idar Amurka ke nan mai lamba ASTM D7173. Ta Turai, EN 13399, ta fi tsanani, digiri 180 ce har kwana 3. Jin amsar ma ba wuya. Ana cika ɗan zoben tagulla da kwaltar, a ɗora mata ƙwallon ƙarfe mai nauyin giram 3.5, a nutsa cikin ruwa ko gilisarin, a riƙa ƙara zafi digiri 5 kowane minti. Zafin da ƙwallon ya lotsa kwaltar har ta sauka milimita 25, shi ake rubutawa a matsayin zafin laushinta. In na sama da na ƙasa sun zo kusa da juna, an ci jarrabawa. Wasu ƙa'idojin suna yafe tazarar digiri 5, wasu 2.5 kawai. In kuwa haɗin bai yi ba, tazarar takan kai digiri 20 ko fiye. Na sama ya fito da yauƙi, ka ja shi ya koma. Na ƙasa ya fito baƙi ƙirin, da tauri da gautsi.

Bututun yana kwaikwayon tankin ajiya ne a masana'antar kwalta, ko cikin tankar da ta kwana biyu a hanya. Idan abin da ke cikin tanki ya rabu, motar farko da ta ɗiba daga ƙasa ta tafi da kwaltar da za ta tsattsage, ta ƙarshe kuma ta tarar da wani abu mai danƙo da famfo ke ja da ƙyar. Robar da aka saya, wadda ta fi kwalta tsada nesa ba kusa ba, ta taru a wuri ɗaya ba ta tsinana wa titi komai ba.

Abin da ya ja ni ga lamarin shi ne, ita wannan robar, SBS, wadda aka gina da sinadarai biyu, sitairin da butadayin, duk darajarta daga rabuwa ta samo ta. Ba don ɓangarorin jikinta ba sa ga maciji da juna ba, da ba wanda zai saye ta. Ashe rabuwa biyu ce a tanki ɗaya, ƙarama da ake so ta tabbata, da babba da ake gudu, kuma linzamin duk biyun yana hannun zafi.

Robar da ba a dafa ba

Folima doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sinadari da aka jera kamar 'ya'yan carbi, ɗaruruwa ko dubbai a zare ɗaya. Folisitairin, wanda ake jerawa daga ƙwayar sitairin, kowa ya taɓa riƙe shi: shi ne jikin biro mai garai-garai da ke fashewa in an taka, shi ne kuma farin kumfan nan da ake cusawa a kwalin talabijin. Folibutadayin kuwa roba ce tsantsa, tana cikin tayar mota.

Tun da Charles Goodyear ya gano dabarar a 1839, abin da aka sani shi ne ɗanyar roba ba ta da ƙarfi sai an dafa ta da farar wuta. Farar wutar ke ƙulla sarƙoƙin da juna su zama raga guda. Sai dai ƙullin na mutu-ka-raba ne. Shi ya sa tsohuwar taya ba ta narkewa a sake ƙera wani abu da ita, sai dai a yanka a yi takalmi, ko ta ƙone tana tunƙaƙa hayaƙi.

A 1956 Michael Szwarc, yana aiki a Syracuse ta jihar New York, ya nuna wata hanyar jera sarƙa wadda bakin zaren ba ya mutuwa. In ƙwayoyin da aka zuba sun ƙare, sarƙar sai ta tsaya tana jira. A zuba mata wasu iri dabam, ta ci gaba da su daga inda ta tsaya. Ya kira su folima masu rai. Da wannan ne aka samu ikon yin carbi yadda aka ga dama: farare a farko, baƙaƙe a tsakiya, farare a ƙarshe. Irin wannan ita ce folima mai gaɓa-gaɓa.

A farkon shekarun 1960 masu binciken kamfanin Shell a Amurka, cikinsu har da Norman Legge da Geoffrey Holden da Ralph Milkovich, suna neman gyara wata robar haɗi da suke yi, wadda ɗanyarta ba ta da ƙwari kafin a dafa. Suka gwada maƙala mata ɗan guntun folisitairin a kowane baki. Abin da ya fito ya wuce abin da suka nema. Roba ce mai ƙarfi kamar dafaffiya, ana jan ta ta ninka tsawonta sau takwas ko tara kafin ta tsinke, alhali ba ta ga farar wuta ba. Kuma a sa ta a sinadarin narkarwa ta narke, a zafafa ta ta malala, ta huce ƙarfinta ya dawo. An fito da ita kasuwa a 1965, ita ce aka sani da sunan Kraton, kuma tafin takalmi na cikin wuraren da ta fara samun karɓuwa. Holden da Milkovich suka karɓi takardar mallakar fasahar a 1966. Haruffan SBS jerin gaɓoɓin ne: sitairin, butadayin, sitairin.

Bayanin da suka bayar shi ne har yau ake kai. A irin wadda aka fi sayarwa, sitairin kusan kashi 30 ne cikin 100: ƙwayoyi 100 zuwa 150 a kowane baki, butadayin sama da 1,000 a tsakiya. Bakunan sitairin na sarƙoƙi da yawa sai su nemi juna su dunƙule, su zama 'yan curi masu tauri a warwatse cikin roba. Kowane curi turke ne. Kowace sarƙa igiya ce da aka ɗaure bakinta ɗaya a wannan turke, ɗayan a wancan. Aikin da farar wuta ke yi, turakun nan sun yi shi. Shaidar kuwa a fili take: a yi sarƙa mai gaɓa biyu kawai, sitairin da butadayin, ko a juya jerin a sa robar a bakuna, da sinadarai iri ɗaya da awo iri ɗaya, sai a samu abin da ba shi da ƙarfin kirki. Igiyar da baki ɗaya kawai aka ɗaure ba ta ɗaukar kaya.

Lissafin ƙiyayya

Fetur da kananzir suna gaurayuwa ne domin ƙananan ƙwayoyinsu ba sa zama wuri ɗaya. Zafi na sa su kai-komo, kai-komon kuma hautsinawa yake yi. Amma in an ɗaure ƙwayoyi dubu a zare guda, yawon ya ragu ƙwarai, don duk inda ɗaya za ta sai ta ja sauran. Abin da ke fitowa ke nan daga lissafin da Paul Flory da Maurice Huggins suka yi, kowa shi kaɗai, a 1941 da 1942: tsakanin dogayen sarƙoƙi, ƙiyayya 'yar kaɗan ta isa ta raba gida. Ƙiyayyar ana mata alama da harafin Girkanci χ, ana furta shi "kai". Tsawon sarƙa kuma N. Sarƙoƙi biyu masu tsawo ɗaya da ba a ɗaure da juna ba, da zarar χ sau N ya wuce 2 sun rabu kamar mai da ruwa. A 1980 Ludwik Leibler, haifaffen Poland da ke aiki a Faransa, ya yi lissafin waɗanda aka ɗaure rabi da rabi, ya samu kusan 10.5. Ga mai gaɓa uku, daga baya aka samu wajen 18 in ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki a yawa. Wato ɗaurin yana tilasta musu haƙuri da juna fiye da da, amma in an wuce adadin nan sai sun ware.

To ina za su? Mai na iya tasowa saman ruwa ya bar shi a ƙasa, amma waɗannan a ɗaure suke. Iyakar nisan da za su ba juna shi ne tsawon sarƙar kanta, nanomita gomiya kaɗan, alhali kaurin gashin kai ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Zaman 'yan marina ke nan, fili ɗaya, kowa da inda ya sa gabansa. An iya ganin wannan da ido ne bayan wani Bajapane, Koichi Kato, ya fito da dabarar rina butadayin da sinadarin osmiyam a tsakiyar shekarun 1960, ta yadda a na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da elektiron roba ke fitowa baƙa, sitairin fari. In sitairin ya yi kaɗan, ƙwallaye ake gani. In ya ƙaru, sai sanduna a jere kamar saƙar zuma. In sun yi daidai, shimfiɗa kan shimfiɗa kamar an jibga tabarmi. Tsakanin sanduna da shimfiɗu akwai wani murɗaɗɗen tsari, jairoid, wanda Alan Schoen na hukumar NASA ya zana a lissafi a 1970, ba a tabbatar da shi a cikin irin waɗannan folima ba sai 1994.

Yanzu sai zafi. Cingam da ya kwana a firiza karyewa yake yi, a baki kuma ya yi laushi. Ba narkewa ya yi ba, sarƙoƙinsa ne suka samu sararin motsi. Kowace folima da zafin da take yin haka. Bari in kira shi matakin saki. Da yake ɓangarorin SBS ba su gaurayu ba, matakai biyu take da su. Na butadayin yana can wajen digiri 90 ƙasa da sifiri, sanyin da ba a zama a cikinsa. Na sitairin yana kusa da digiri 100. Tsakanin waɗannan biyun igiya na da laushi, turke na da tauri, roba na aiki. Da a ce sun gaurayu sosai, da mataki ɗaya za a samu a tsaka-tsaki, ba turke ba igiya. Shi ya sa in masu gwaji sun ga matakai biyu a na'urar auna zafi suke cewa rabuwa ta kankama.

A aikace ba a kai wa 100 ɗin. Bakunan sitairin gajeru ne, gefen kowane curi kuma ya ɗan cakuɗa da roba, don haka in akwai nauyi a kai, tun daga digiri 60 zuwa 80 turaku ke fara sakin igiya. Wannan ita ce lagon SBS, kuma an daɗe da sani. Maurice Morton da Lewis Fetters a Jami'ar Akron sun gwada musanya sitairin da wani ɗan'uwansa mai matakin saki kusa da digiri 170. Ya jure zafi, amma jera shi wahala ce, domin a zafin da ya wuce kusan digiri 60 sarƙarsa warwarewa take son yi maimakon ƙaruwa. Bai kama kasuwa ba.

Akwai mataki na uku da ba a cika ambata ba, kuma a wurina shi ya fi ban sha'awa. In an wuce digiri 100 turaku sun yi laushi, amma ba su watse ba, tunda ƙiyayyar na nan. Kafin sarƙa ta matsa, sai ta zare bakinta daga curi, ta ratsa da shi ta cikin robar da yake ƙi, ta kai shi wani curin. Wannan ne ya sa narkakkiyar SBS ke da kauri fiye da yadda tsawon sarƙarta ya kamata ya ba ta. Amma χ raguwa yake yi in zafi na ƙaruwa. A ci gaba da hura wuta, wata rana χ sau N zai sauko ƙasa da iyaka, tsari ya rushe, komai ya zama ruwa ɗaya, kauri ya faɗi. Ga masu dogayen sarƙoƙi wannan matakin yana da nisa, har roba kan fara lalacewa kafin a kai. Sai dai akwai hanyar yanke: a zuba wani ruwa da ɓangarorin biyu ke iya sha. Shiga tsakanin da ya yi yana rage musu gogayya, sai matakin ya sauko. A tanki, kwalta ce wannan ruwan.

Abin da ke faruwa a tanki

Sunan kwalta daga kwal ya samo asali, amma ta titunan yau ragowar ɗanyen man fetur ce, abin da ke kwantawa bayan matata ta kwashe fetur da kananzir da gas. Ita ma ba abu ɗaya ba ce. Akwai asfaltin, baƙaƙen ƙwayoyi masu nauyi da tauri, kashi 5 zuwa 25 cikin 100 gwargwadon rijiyar da man ya fito. Sauran kuma maltin ne, wanda ba ruwansa da lemon kwalba: mayuka ne da ƙaro-ƙaro da asfaltin ke iyo a cikinsu. Wani kaso na mayukan, masu ƙwayoyi irin zobe, su ke riƙe da asfaltin a warwatse, su hana shi curewa.

Ana zuba SBS kashi 3 zuwa 7 cikin 100, a zafin kusan digiri 180, a bi da ita ta injin niƙa mai gudu. A wannan zafin turaku sun saki. Robar sai ta shiga shan mayukan, ta kumbura har ta kan kai ninki tara na girmanta. Nan ne sirrin yadda ɗan kaɗan ke cika tanki. A ƙarƙashin na'urar hange mai hasken shuɗi, ɓangaren da roba ta sha mai yana sheƙi rawaya-rawaya, ɓangaren asfaltin ya zauna baƙi. In robar ba ta kai kashi 4 ba, ɗige-ɗige masu haske ake gani a baƙin fili. Wajen kashi 5 sai su fara haɗewa, haske da duhu su sarƙe. In ta wuce kashi 7 hoton ya juye, fili ya zama mai haske, baƙin ya koma ɗige. A lokacin kusan a ce roba ce mai kwalta a ciki. Masu yin shimfiɗar hana yoyon rufi sukan kai kashi 10 ko fiye.

Da an shimfiɗa titi ya huce, bakunan sitairin su sake neman juna, turaku su kafu, raga ta game kwaltar. Kwalta mai lamba 60/70, wadda aka fi sani a ƙasashe masu zafi, tana laushi wajen digiri 50. Lambar ma ma'anarta allura mai nauyin giram 100 na shiga cikinta milimita 6 zuwa 7 a daƙiƙa 5 a zafin digiri 25. Da SBS isasshiya, zafin laushin kan haura 65, wani lokaci har 80.

Matsalar ita ce man da roba ta sha, na asfaltin ne. Rijiya ɗaya ce, masu ɗiba biyu. Roba ta kwashi rabonta, asfaltin ya rasa abin da ke raba tsakaninsa, ya matsu wuri ɗaya. Yanzu tanki na ɗauke da ruwa iri biyu, kuma babu zaren da ya ɗaure su kamar yadda ya ɗaure sitairin da butadayin. SBS ta fi ruwa rashin nauyi, wajen 0.94 in ruwa 1 ne, ga kuma mayuka marasa nauyi da ta sha. Ɓangaren asfaltin ya fi ruwa nauyi. Duk wadda ta taɓa ajiye kunun zaƙi ya kwana ta san sauran labarin. Muddin muciya na juyawa ba a ganin komai. A tsaya, ɗigon roba su fara karo da juna suna haɗewa. Lissafin George Stokes na 1851 ya nuna cewa in ɗigo ya ninka faɗinsa sau biyu, gudun tasowarsa ya ninka sau huɗu, kuma gwargwadon tsinkewar ruwan gwargwadon gudun. A digiri 163 kwalta ta tsinke sosai. Abin kan fara a hankali, sannan ya zabura.

Mai karatu zai ce, to a nemo kwaltar da mayukanta suka wadata mana, ta yadda roba za ta narke a ciki gaba ɗaya. An gwada. In mayuka masu zobe sun yi yawa, ba butadayin kaɗai suke jiƙawa ba, har cikin curin sitairin suke shiga, tunda shi ma mai zobe ne. Turke ya jiƙe ya yi laɓo-laɓo, matakin sakinsa ya sauko, raga ta kasa kafuwa. Irin wannan haɗin yana cin jarrabawar bututu lafiya lau, sama da ƙasa duk ɗaya, amma zafin laushinsa bai tashi yadda aka biya kuɗi dominsa ba. Don haka nake ganin kuskure ne a karanta sakamakon bututu shi kaɗai a yi murna. Abin da ake nema jituwa ce rabi da rabi: kwalta ta so butadayin sosai, ta ƙyale sitairin.

Dabarun da aka bi

Mafi sauƙi ita ce kada a daina juyawa, kuma kada a daɗe da ajiya. Tankunan irin wannan kwalta suna da mashin juyi ko famfon da ke zagaya da ita. In za a ajiye ta kwanaki, ana rage zafin don ta yi kauri, ɗigo su kasa tafiya. Ƙara wuta kuwa ba mafita ba ce. Sarƙar butadayin tana da gaɓoɓi masu ɗauri biyu da iskar oksijin ke kama wa, kuma in an doshi digiri 200 ko an daɗe a kan wuta, wasu sarƙoƙin su tsintsinke, wasu su ƙulle da juna. Tsakanin zafin da roba ke buƙata ta jiƙu da zafin da ke kashe ta, tazarar 'yar kaɗan ce. Shell ta fito da wani nau'in a farkon shekarun 1970, SEBS, wanda aka cike waɗannan gaɓoɓin da haidirojin, yana jure zafi da rana. Amma a kwalta bai kori SBS ba: ya fi tsada, kuma bai fi ta zama lafiya da ita ba.

Sai zaɓen kwaltar kanta. Kwalta biyu masu lamba 60/70 iri ɗaya na iya bambanta ƙwarai a yawan asfaltin in ɗanyen mansu ba ɗaya ba ne. Haɗin da ya yi kyau bara na iya rabuwa bana don kawai matata ta sauya inda take sayen mai. Wasu sukan ƙara ɗan mai mai zobe don rijiyar ta ishi kowa, da sharaɗin kada a zarce a jiƙa turaku.

Dabarar da ta fi ba ni dariya ita ce ta farar wuta. Robar da ta yi suna a kan ba ta buƙatarta, ga shi an dawo an barbaɗa mata. Kamfanin Elf na Faransa ya yi fice da wannan tun ƙarshen shekarun 1970 da kwaltarsa mai suna Styrelf. Kaɗan ake sawa, abin da bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100 na haɗin ba. Tana ƙulla sarƙoƙin butadayin nan da can tun suna warwatse, ta yadda ɗigo ba sa iya haɗewa su yi girman da za su taso. Amma hannu ya ɗan zarce, tanki gaba ɗaya ya daskare ya zama curin roba da famfo ba ya ja. Ga kuma iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fita, wadda ke kisa a rufaffen wuri.

Daga baya an koma kan ginin sarƙar. Kamfanin Kraton, mai yin robar, ya fito da nau'in da bai cika kauri ba, wanda ake iya zuba kashi 7.5 a ci gaba da aiki da injinan da aka saba. A 2009 an shimfiɗa shi a filin gwajin tituna na Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama, inda manyan motoci ke zagaye da kaya don a tsufar da titi da wuri. Kaurin titin kimanin santimita 15 ne, na kwatanci kuma kusan 18, amma siririn bai gaza ba.

Inda rana ke dukan titi

Shirin binciken tituna da Amurka ta gudanar daga 1987 zuwa 1993 ya fito da tsarin Superpave, wanda ke yi wa kwalta lamba da zafin wurin da za a shimfiɗa ta. PG 76-22 na nufin za ta jure titi mai zafin digiri 76 da sanyin 22 ƙasa da sifiri. Injiniyoyi na da wani ƙiyasi: in an haɗa lambobin biyu suka wuce 90, da wuya kwalta zalla ta iya, sai da folima. Mu a nan ba mu da matsalar lambar sanyi. Ta zafi ce tamu. A watan Afrilu iskar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai na wuce digiri 40, baƙin titi kuwa ya haura 60. Kwaltar da ke laushi a 50 tana ƙarƙashin tirela mai tafiyar hawainiya a shataletale ko shingen bincike, sai titi ya yi kunya-kunya kamar an yi huɗa. A irin wannan wurin SBS na da abin yi, ko da yake digiri 60 da ɗoriya ya fara taɓa inda turakunta ke sassautawa, don haka awon da ya wadatar a ƙasa mai sanyi ba lalle ya wadatar a nan ba. Kuma ba ta gyara ƙasan titi da ba a daddale ba, ba ta yin magudanar ruwa, ba ta rage wa mota lodin da ya wuce ƙima.

Sai batun nisa. Daga tashar jiragen ruwan Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, Maiduguri ta wuce 1,500. Tankar kwalta mai zafi da za ta yi kwanaki a wannan hanya, ta tsaya nan ta kwana can, ba mashin juyi, sannan a kunna mata wuta a ƙasa in an iso, bututun gwajin nan ce aka ɗora wa tayoyi. Duk wanda zai kawo kwalta mai SBS arewa, ko dai ya haɗa ta kusa da wurin aiki, ko ya tabbatar an ƙulle ta yadda ba za ta rabu ba, kuma ya ɗebi samfur daga sama da ƙasan tankar kafin a sauke. Gangar da masu cike ramuka ke ɗorawa kan itace kuwa, inda gindi ke ƙuna sama na sanyi ba ma'aunin zafi, ko kusa ba wurin wannan roba ba ne.

Kayan gwajin ba su da yawa: bututun aluminiyam, tanda, firiza, zoben tagulla da ƙwallonsa. A ɗakunan gwajinmu da dama, abin da zai fi wuyar samu shi ne lantarkin da zai riƙe tanda a digiri 163 har awa 48 ba tare da an ɗauke ba.